Karsanar Dabo

Muhyiddeen ya yi karatun lafiyar dabbobi a Sakkwato, amma tun da ya dawo Illela bai duba ko akuya ba. Aikinsa tsayuwa bayan kanta a shagon maganin dabbobi na Alhaji Yaro, daf da kara, kasuwar dabbobi, yana miƙa kwalabe da allurai, ƙarshen wata a ba shi albashi. Da albashin nan yake riƙe matarsa Shahida da mahaifiyarsa mai fama da hawan jini. Ya daɗe yana so ya riƙa bin rugage da babur ɗinsa yana duba dabbobi da kansa, sai dai duk sanda ya tuna maganin Inna sai jikinsa ya yi sanyi.

Wata Lahadi kasuwa ta cika maƙil, mutanen Ƙonni sun ƙetaro daga Nijar, shagon ba wurin sa ƙafa. Sai ga wani makiyayi mai suna Dabo ya kutso cikin mutane, gumi ya jiƙe masa riga. Muhyiddeen ya san shi, yakan zo sayen maganin tsutsa.

"Malam, karsanata na naƙuda tun asuba," in ji Dabo. "Ƙahwa guda ta hito, ɗayar ba ta hito ba. Ta kwanta, ba ta ko ɗaga kai."

"Ina rugar take?"

"Bayan Gidan Katta."

Alhaji Yaro, da ke zaune a kujerarsa bakin ƙofa, ya ce, "Ba shi allurar naƙuda shi tahi."

"Alhaji, in ɗan ya karkace, allurar ga hwasa mata mahaihwa za ta yi. Sai an sa hannu an gyara shi."

"To wa za ya sa hannun?"

Alhaji ya dubi Muhyiddeen, ya dubi mutanen da ke jira, ya gane.

"Yau Lahadi, Muhyiddeen. Ka san ban san rabin sunayen magungunan ga ba. In ka hita, wa za ka bar ma shago?"

"Ba ni daɗewa, Alhaji."

"Ban ɗauke ka don yawon ruga ba. In ka sa ƙahwa waje yanzu, aje min makulli kan kanta."

Wani mai sayen gishirin lasa ya sunkuyar da kai. Dabo ya fara ja da baya, yana cewa a yi haƙuri, bai zo haɗa faɗa ba. Muhyiddeen ya sa hannu a aljihu ya taɓa makullin, ya sake shi, ya kuma kama shi. Sannan ya ajiye shi kan kanta a hankali, ya biya kuɗin maganin da zai buƙata kamar kowane mai saye, ya ce wa Dabo, "Mu tahi."

Hanyar yashi ce, babur na ta zamewa. Tsoron da ya kama shi yanzu ba na albashi ba ne. Sau ɗaya ya taɓa gyara maraƙi a ciki, a makaranta, malami tsaye a kansa yana gaya masa inda zai sa yatsa.

Sun sami karsanar kwance ƙarƙashin wata aduwa, cikinta ya kumbura, numfashi sama-sama. Gefenta wani dattijo, Baffa Sufyanu, mahaifin Dabo, yana wasa wuƙa a kan dutse.

"Kun makara," ya ce. "In ta mutu mushe ta. Gara in yanka ta tun da ranta."

"Baffa, ba ni ɗan lokaci."

"Ka taɓa yi?"

"Na taɓa."

Dattijon ya ƙare masa kallo, bai ajiye wuƙar ba. "Da na ga idonta ya juya, ba ni jiran kowa."

Muhyiddeen ya tuɓe riga, ya wanke hannu da sabulu har kafaɗa, ya shafa man gyaɗa. Dabo ya danne kan karsanar. Da ya tura hannu, naƙuda ta taso ta matse masa dantse har ya ji kamar ƙashin zai karye. Ya jira ta lafa. Ya laluba ya sami kan maraƙin, ya bi wuya zuwa kafaɗa. Ɗayar ƙafar ta lanƙwashe baya, can ƙasa, yatsunsa ba su kai ba. Dole ya mayar da maraƙin ciki kafin ya samu wuri, ita kuwa uwar turo shi take yi.

Ya gwada, hannunsa ya zame. Ya sake gwadawa, ya zame. Karsanar ta yi wani irin nishi ta miƙe wuya. Baffa Sufyanu ya tashi tsaye.

"Dabo, juya min ita gabas."

"Baffa, na taɓa kohwaton," in ji Muhyiddeen, kumatunsa manne da cinyar dabbar. "Yana hannuna. Don Allah."

Ya rufe kofaton da tafin hannunsa don kada ya yage mata ciki, ya lanƙwasa gwiwar, ya jawo a hankali. Ƙafar ta miƙe. Suka ɗaura igiya a ƙafafun biyu, ya ce kada su ja sai ta yunƙura. Da ta yunƙura suka ja, maraƙin ya sulluɓo gaba ɗaya ya faɗi kan yashi.

Bai motsa ba. Muhyiddeen ya share masa hanci, ya murza ƙirjinsa, ya ɗaga shi ta ƙafafun baya. A banza. Ya daɗe da mutuwa a ciki.

Muhyiddeen ya zauna a ƙasa. Can ya tashi ya yi wa uwar allura, ya sa a kawo mata ruwa da dusa. Wajen la'asar ta ɗaga kai ta sha. Can kuma ta dafa gwiwa, ta yi tangaɗi, ta tsaya.

Baffa Sufyanu ya mayar da wuƙarsa kube. "Ɗan ya tahi, uwar ta tsaya. Allah shi biya ka." Sannan ya ƙara da cewa, "Akwai bijimi nan rugar ƙanena, kwana da kwanaki yana ɗingishi. Ko kana sauri?"

"Ba ni sauri, Baffa."

Ya isa gida dab da magariba. Labari ya riga shi. Shahida ta kawo masa ruwa, Inna kuwa ko sallamarsa da ƙyar ta amsa. Yana cikin wanke hannu wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Yaro ne.

"Hushi na yi ɗazu. Ka zo gobe ka ɗauki makullinka."

Inna ta ji, ta zuba masa ido.

"Na gode, Alhaji. Kun riƙe ni da mutunci, ba ni mantawa. Amma ba ni dawowa kanta. Ina so in riƙa sayen magani wurinku, in kun yarda."

Alhaji ya ce, "Ka san babu ƙarshen wata a daji?"

"Na sani."

"To. Ka zo da sahe kahin mutane su taru."

Inna ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Ta kusa mako ba ta yi masa doguwar magana ba. Watan farko ya yi musu tsanani, har sai da Shahida ta sayar da tunkiyarta aka sayi maganin Inna. Akwai ranakun da ya zaga ƙauyukan Kalmalo da Darna Sabon Gari ya dawo bai duba ko kaza ba. Da damina ta sauka, ciwon kofato ya shiga garkuna, aka fara kiransa daga rugagen da bai taɓa jin sunansu ba, wasu har ƙetaren iyaka.