Zaren da ke Zuciyar Auta

Tun da mai ɗaukar hoton zuciya ta karkatar da allon na'urarta gefe, hankalin Umma ya tashi. Shekara talatin tana ɗinki, ta san fuskar wanda ya ga ɓarna yana neman ɓoyewa.

Autanta na kwance a gadon gwaji. Aikin kashe gobara ya samu, saura sa hannun likita, sai aka ji wani baƙon sauti a ƙirjinsa aka turo su nan. Ita kuwa ta rantse, in da matsala komai ƙanƙantarta, babu inda zai je.

Mai hoton ta fita, ta dawo da likita. Suka duƙa, suka yi ƙus-ƙus.

"Ba komai, Mama," in ji likita.

Ba komai! Haka aka ce wa mahaifin yaron, kwana tara aka kai shi makwancinsa.

"Likita, ba komai ake taruwa mutum biyu a kansa? Juyo min allon nan."

Ya juyo. Wani farin layi siriri ya ratsa ɗakin zuciya na hagu, yana karkarwa da kowane bugu.

"Zare ne, da shi aka haife shi, mutane da yawa na da shi. Jini ke kaɗa shi, shi ne sautin. Ta kira ni ne mu tabbatar ba gudan jini ba ne. Wani lokacin zaren kan rikita bugu, amma nasa daidai yake."

Zare? Ai nan ya shigo gonarta.

"Zaren da ke lilo cikin riga, ɗinki ne ya fara warwarewa. Kada ka koya min sana'ata."

"Haba Umma!" in ji Auta.

"Rufe min baki. Likita, nuna min bakin zaren biyu."

Likita ya karɓi na'urar ya zagaya da ita a ƙirjin. Umma ta sa tabarau, ta bi layin da farce. Nan a kame yake. Ta bi zuwa ɗaya bangon zuciyar, can ma a kame yake gam. Sau uku tana bi, tana neman inda ya saki. Babu.

"Wannan ba warwara ba ce," ta ce a sanyaye.

Likita ya sa hannu. Auta ya diro yana washe baki. Sai a lokacin Umma ta gane matsalar take ta nema tun safe, don da ita kaɗai za ta hana shi shiga wuta.