Tukunyar da Ta Sha Ruwa

Shekara ashirin da uku babana, La Runga, yana cika wa masu nutson Haji La Mbosi tukwanen iskar shaƙa a tsibirin Tomia, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Sai ranar Talata tukunya guda ta yi ɓatan dabo daga jirgin ruwan Haji, yana ɗaure a wurinsa a gada.

Haji ya tsaya a kan gadar katako yana ɗaga murya don kowa ya ji. "Tukunyar da aka gama amfani da ita ai yawo take a kan ruwa, gindi sama. Jirage uku na tura suka bi ruwa har tsibirin Binongko, ko ƙyallinta ba su gani ba. Ƙafa ta yi? A dai leƙa kasuwa."

Tun daga ranar Baba bai koma aiki ba. Kwana biyu tuwon rogonsa yana sandarewa a faranti, sallar jam'i ma ya daina fita. Abin ya ƙona mini rai, kuma ni Wa Sarni ba a san ni da haɗiye magana ba.

"Baba, ranar Talatar, me ka yi wa tukunyar nan?"

"Warin danshi na ji a iskarta. Na kwance kan tagullar da ke rufe bakinta gaba ɗaya, na jingine ta a gefen jirgi ta bushe." Ya zura hannu a aljihu ya fito da kan tagullar.

"Kai Baba! Me ya hana ka nunawa?"

"Mutum ya ce na sayar da tukunya. In na fito da kanta, sai ya ce ga shaida."

Nan take na gane. Mutanen Haji rufaffiyar tukunya suke nema. Wadda bakinta ke buɗe kuwa ba ta yawo: ruwa za ta sha, ya kori iskar da ke riƙe da ita a sama, ta gangara ƙasa daidai inda ta faɗa.

Da hantsi na isa gada da tabarau na nutso da igiya.

"'Yar La Runga, kifi za ki tambaya ko ya gani?" in ji Haji.

"Alhaji, ka dai matsar da takalminka, sabo ne."

Zurfin gaba takwas na nutsa, a ƙarƙashin jirginsa. Ga ta kwance tsakanin duwatsu. Tukunyar da ake tura ta da yatsa ɗaya in tana kan ruwa, na ciccibe ta ta ƙi motsi, sai ka ce dutsen niƙa. Na zarge ta da igiya na taso, maza biyu suka ja suna nishi.

Da kaina na kifa ta a gaban Haji. Ruwa ya yi ta bulbulowa a kan takalmin nan, har da wata 'yar kaguwa da ta fito tana sauri. Gada ta kaure da dariya.

"To ai... kuskure ne, La Runga," in ji Haji. "Gobe ka dawo aiki."

Baba ya matso a hankali, ya kamo hannun Haji, ya danƙa masa kan tagullar.

"Ga kanta, Alhaji. Kayanka sun cika. Nemi wani mai ɗaura maka."

Ya juyo wurina. "Sarni, akwai sauran tuwon nan?"