Gwaggo Zaiton Ta Yi wa Baƙo Izini

Da yanar ido ta makantar da Gwaggo Zaiton, yayar mahaifina, ni aka ɗora wa yi mata karatu, don gidana ne mafi kusa da nata a bakin kogin Perak. Bayan la'asar nakan hau matakalar katakon gidan, in same ta a baranda da butar gahawa da soyayyiyar ayaba.

Ba ta son jarida. Littattafan labaran fatalwa take so, irin na zamanin ƙuruciyarta, masu takarda ja kamar ganyen taba. Malayancin cikinsu ya tsufa tukuf. Mutum ba ya cewa "ni", sai "bawanku". Fatalwa ma sai ta yi doguwar gaisuwa kafin ta shaƙe mutum. Dariya suke ba ni, don haka na fara sauya kalmomin ina karantawa.

"Maznah," ta ce, "wa ya aike ki gyara? Ba haka aka rubuta ba."

"Gwaggo, ai yanzu ba mai magana haka."

"Shi ya sa nake sauraro, sakarya. Fatalwarku ta talabijin ihu kawai ta iya. Waɗannan kuwa an yi musu tarbiyya. In kina karantawa, muryar uwata nake ji, da ta Derus."

Derus mijinta ne. Kogi ya ci shi da kwalekwalensa tun ban shiga makaranta ba, ba a ga gawarsa ba.

Wata ranar damina, ruwa na dukan kwano, na kai ga labarin wani masunci da ya nutse ya komo gida. Na karanta yadda yake a rubuce: "Ya ma'abota wannan gida, bawanku na tsaye a gindin matakala, jiƙe da ruwa. Ko a yi masa izini ya hau?"

Gwaggo ta juya fuskarta wajen matakalar.

"An yi maka izini," ta ce. "Hawo."

Na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai katakon matakala na ƙasa ya yi ƙara. Sai na samansa. A hankali ake hawowa, hawan mai nauyin jiki. Ina kallon matakalar, ba kowa. Warin laka ya cika barandar, tabarmar da ke gefen Gwaggo ta yi duhu da danshi.

"Zuba wani kofin," ta ce.

Na zuba, rabi a kofi rabi a ƙasa.

"Ci gaba. Ki ɗaga murya, kunnensa na hagu ba ya ji sosai."

Na karanta har ƙarshe. Ban ɗaga ido daga takardar ba. Da na rufe littafin ruwa ya tsagaita, Gwaggo tana murmushi, hawaye na bin kumatunta.

Na rantse ba zan koma ba. Washegari na koma, don ba ta da kowa a kusa. Ban sake sauya kalma ɗaya ba. Wani lokaci matakalar ta yi ƙara, wani lokaci shiru, ban kuwa taɓa tambayarta ba.

Da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, ɗanta Kamarul ya ɗauke ta zuwa Kuala Lumpur, can saman wani dogon bene. Na kai mata ziyara da littafin a jaka. Ta rame, an zaunar da ita kusa da taga mai gilashi. Na fara karatu, na kai tsakiyar shafi, sai ta ɗora hannunta a kan nawa.

"Bar shi, 'yar nan," ta ce. "Derus bai san hanyar nan ba."

Ta rasu kafin azumi.