Kurciya a Sabon Keji

Kurciyar ta daina cin tsaba, hankalin kafinta kuwa ya tashi. Ba tasa ba ce, ta matarsa ce. Ita ta tsince ta tun tana tsako a bakin magudanar ruwa, ta raine ta a tafin hannu. Ranar da naƙuda ta kama ta, ana shigar da ita mota tana cije leɓe, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Don Allah ka kula min da ita." An yi mata aiki, an samu 'ya mace, yau da yamma za a sallamo su. Ga kurciya nan kwance a ƙasan keji, gashi a tashe, ido a lumshe, wutsiya na hawa da sauka da kowane numfashi.

Abin haushin ma, babu gatan da bai yi mata ba. Tsohon kejin da ya yi tsatsa ya jefar, ya ƙera sabo na katako, ya goge shi sumul, ya shafa masa fenti mai sheƙi har hawa biyu, wai matar ta dawo ta sha mamaki. Da ya ga tsuntsuwar ta takure, ya ce sanyi ne. Ya shigar da ita ɗakin barci, ya rufe tagogi, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya lulluɓe kejin da tawul. Sai abin ya ƙaru.

Ya ɗauko ta, ba nauyi ko kaɗan, kamar dunƙulen auduga. Ya tsoma yatsa a ruwa ya ɗiga mata a gefen baki, ruwan ya gangaro masa a hannu. Waya ta yi ƙara, matar ce.

"Ina mutuniyata? Matsa mata wayar in ji kukanta."

"Barci take," ya ce.

Tsoro ya kama shi sosai. Da wane ido zai kalli matar nan, da ɗinki a cikinta, ya ce mata ta mutu?

Yana mayar da ita keji yayarsa ta yi sallama, ta zo gyara ɗakin mai jego. Tana tura ƙofa ta ja da baya tana tari.

"Kai, Auta! Me ka zuba a ɗakin nan?"

"Me kika ji, Yaya? Ni ban ji komai ba."

"Ina za ka ji? Hancinka ya mutu tun kana koyon aiki! Warin fenti har ido yake yi wa mutum yaji, kai kuma ka kulle baiwar Allah a ciki, har da tawul!"

Ta fincike tawul ɗin, ta bankaɗe tagogi, ta zaro kurciyar ta fita da ita tsakar gida. Ta kwantar da ita cikin kwali a inuwa, da ɗan ruwa a murfin kwalba. Kafinta ya tsuguna a gefe.

"Za ta tashi?"

"Matsa, kana tare mata iska."

Ya matsa. Ya zura wa wutsiyar ido. Sau ɗaya ta tsaya cak, har ya dafe kai, sai ta ci gaba. Inuwa ta gusa, ya ja kwalin ya bi ta. Can kurciyar ta buɗe ido ɗaya, ta miƙa wuya da ƙyar, ta tsoma baki a murfin ta zuƙa.

Bai gama sauke ajiyar zuciya ba ya ji muryar Yaya daga ɗaki, a hankali wannan karon.

"Auta, wannan da ka rufe da zani fa?"

Gadon jaririyar ne. Jiya ya gama shi, da irin fentin da ya shafa wa kejin, daga gwangwani ɗaya. Ya ajiye shi nesa da taga, ya riga ya tsara ba za a buɗe ko'ina ba, kada sanyi ya kama 'yarsa.

Ya zauna a ƙasa daɓas. Waya ta sake ƙara.

"An sallame mu, mu taho?"

"Kada ku zo nan," ya ce. "Ku wuce gidan Yaya. Kurciyarki ta sha ruwa yanzu. Sauran in na zo zan faɗa miki."