Katangar Marwan

Duk ranar da aka yi ruwa a Makka, abin da ya sauko daga dutsen unguwar Nakkasa ɗakin mahaifiyar Marwan yake nufa. Ita kuwa mahaifiyar, Fatsuma, ƙafafunta sun daina aiki, kullum tana kwance a katifa a ƙasa.

A waya Marwan ya ga labarin Tone, wani babban kogin Japan. Da can bakin tekun Tokyo yake zuba, yana cinye gonaki da gidaje, sai mutanen ƙasar suka tare shi, suka haƙa masa sabuwar hanya ta gabas. Yau da shi ake noman shinkafa, shi birnin ke sha. Marwan ya ce to ashe ruwa ma yana jin magana. Ya kwaso bulo daga wasu gidaje da aka rushe a unguwar, ya gina katanga a karkace a bakin lungunsu. Bai tsaya duba inda gabas ɗinsa ta faɗa ba: ƙofar Mailafiya ce, maƙwabcinsu na gangare.

Bayan la'asar hadari ya ɓarke. Ruwa ya sauko ja wur, da duwatsu da robobi, ya daki katangar, ya juya. Marwan na tsalle sai ga Mailafiya ya hauro, jiƙe sharkaf, riƙe da rodi.

"Ya walad! Kai yaro, jikokina kake so ka kashe?"

"Baba, kar ka taɓa ta. Umma na ciki."

"Mu dabbobi ne a ƙasan?"

Mailafiya ya kai wa katangar duka. Marwan ya tare da hannu, ƙashin ya ce ƙas. Idonsa ya rufe. Ya rarumi bulo da ɗaya hannun, ya maka wa dattijon a fuska. Haƙori ya yi tsalle, jini ya wanke gemu, Mailafiya ya faɗa cikin ruwan. Ruwan ya ja shi, ya matse shi a jikin ƙofar ƙarfen gidansa. Kansa na nutsewa yana fitowa, yara na ihu a ciki.

Marwan ya dubi ƙofarsu, busasshiya. Ya dubi dattijon. Ya sa ƙafa ya yi ta dukan katangar har ta zube, ruwan ya saki dattijon, ya koma tsohuwar hanyarsa.

Ya riga ruwan shiga ɗakin Umma da ƙyar, hannu na reto.

"Umma, kama wuyana!"

"Jinin waye a rigarka?"

"Kama dai!"

Yana ɗaga ta, katifar ta taso saman ruwa.