Taku Goma a Gonar Kabeji

Saura kwana tara Mista Pirie ya zo da sikelinsa. Maruƙa sittin ya ba Rhona Tulloch kiwo a gonarta da ke Southland, da sharaɗin kowace ta kai kilo ɗari biyu kafin ƙarshen Yuli, in ba haka ba ya kwashe abinsa ya kai wa wani. Guda ɗaya tak ta kai, wata ja mai cin tsiya da Rhona ke kira Acici. Sauran kuwa sai gashi da idanu. Hankalin Rhona ya tashi ƙwarai, don in maruƙan nan suka tafi, gonar ba ta da wani aikin.

Kiwon dabbobi a gonar kabeji a lokacin sanyi, wanda a can Yuli ne tsakiyarsa, yana da ƙa'ida, kuma tun tana yarinya ta san ta. A fara ba su ingirici su cika ciki, a jira ƙanƙarar da ke kan ganye ta narke, sannan a matsar da wayar lantarkin da ta tare su daga kabejin taku biyu kacal.

Ran nan da sassafe ta ɗauki sandunan waya, ba ta ko kalli rumbun ingirici ba.

"Ke Rhona, ganyen nan fari fat yake," in ji mahaifinta Lachlan daga bakin ƙofa, yana dogare da sanda.

"Baba, ingirici cika ciki kawai yake yi. Nama nake nema."

"To uwar gaggawa, kabejin guduwa zai yi?"

"Pirie ne ba zai jira rana ta fito ba!"

Taku goma ta matsar. Maruƙan suka afka wa ganyen da yunwar safe, Acici a gaba tana ture ƙananan.

Kafin hantsi bakwai sun kwanta, ciki ya kumbura kamar ganga. Rhona ta kira likitan dabbobi, ya ce yana can bayan garin Gore, sai ya yi awa guda. Ta durƙusa cikin laka tana ɗura musu mai don kumburin ya sace, tana roƙonsu su tashi kamar masu jin magana. Shida suka miƙe da ƙyar. Ƙananan da aka ture ko gezau, ba su samu sun ci da yawa ba.

Lachlan ya iso yana ɗingishi, ya tsaya a kanta.

Ta ɗago kan Acici daga laka, ya riga ya yi sanyi.

"Baba," ta ce, "ita kaɗai ce ta kai kilon."