Ranar da Baba Ya Danna "Na Amince"

Duk gidan an san Baba da hali ɗaya: ba ya danna "Na amince da duka". In ya zauna gaban kwamfutar falo zai karanta labarai, sai ɗan akwatin nan ya faɗo a kan shafi yana neman izinin ajiye kukis, wato 'yan alamomin da shafi ke liƙa wa kwamfuta don ya riƙa tuna inda ka shiga da abin da ka duba. Kowa dannawa yake ya wuce abinsa, ban da Baba. Sai ya gyara tabarau, ya lalubo ƙaramin rubutun da suka ɓoye can ƙasa, ya bi kamfanonin talla ɗaya bayan ɗaya yana kashewa, shayinsa na hucewa a gefe. Har suna 'ya'yansa suka sa masa, Baba Na-ƙi, shi kuwa ko a jikinsa. A ɗakin ba da magani na asibiti ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma a faɗarsa, wanda ya san maganin da kake sha ya gama sanin ka.

Malama, matar ɗansa, takan yi dariyar a ɓoye, don suruki ba abokin wasa ba ne. Amma a kwanakin nan dariya ta yi mata nisa. Ciki ne da ita, na uku. Biyun farko duk sun zube. A na farkon aka yi saurin faɗa, dangi suka cika gida da barka, har da masu kawo 'yar safa da 'yar hula. Mutanen nan dai su suka dawo jaje, kowa da tasa shawarar, kowa da nasa kallon. Ita da mijinta suka yi alkawari wannan karon ba mai ji sai cikin ya zauna da gindinsa. Musamman Yaya, babbar yayar mijin, mace mai kirki wallahi, amma magana ba ta kwana a bakinta.

Mijin ya yi tafiyar aiki, wayar Malama kuma tana wurin mai gyara. Wata rana da yamma ta dawo daga makarantar da take koyarwa sai mararta ta ɗan murɗa. Hankalinta ya tashi. Ta faɗa kan kwamfutar falo tana neman bayani, ko hakan na faruwa, wane magani mai ciki za ta iya sha. Kowane shafi ta buɗe sai akwatin nan ya tare mata gaba. Wa ke da lokacin karatu? Ta riƙa danna babban koren maɓallin amincewa tana wucewa. Ciwon ya lafa, ta rufe shafukan, ta ɗauka magana ta ƙare.

Bayan kwana biyu ta dawo da wuri, ta tarar da Baba a gaban kwamfutar. Da idonta ta ga yatsansa ya sauka kan koren maɓallin nan. Ta tsaya cak da jaka a kafaɗa. Yana jin motsinta ya juya fuskar kwamfutar wajen bango.

"Sannu da dawowa, 'yata. Ya ɗaliban?"

"Lafiya lau, Baba."

Ta shige ɗaki tana mamaki, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Ranar Asabar Yaya ta zo da surutunta da jakunkunanta. Bayan an ci abinci ta ja kujera gaban kwamfutar, wai za ta nuna wa Malama labulen da take so ta saya. Shafin na buɗewa, tallace-tallace suka jeru a gefe. Ga gadon jariri, ga rigar masu ciki, ga kwalbar maganin ƙarin jini da hoton wata mata ta dafa cikinta tana murmushi.

Yaya ta ƙura wa tallace-tallacen ido. Ta san kan abin nan sarai, ta san talla ba ta zuwa haka kawai.

"Ikon Allah," ta ce a hankali, tana juyowa. "Wa ke duba kayan haihuwa a gidan nan?"

Idonta na kan Malama, daga fuska yana gangarowa. Malama tana tsaye riƙe da faranti. Ta riga ta hango wayar Yaya a kunne, ta hango falon nan cike da 'yan barka.

"Ni ne," in ji Baba daga kan kujerarsa, bai ko ɗago daga jarida ba.

"Kai, Baba?"

"Ni na duba. Gadon, da rigar, da maganin. Duk na shiga na gani."

"To ai kai ba ka amince musu, ya aka yi suka biyo ka?"

"Na amince musu wannan karon."

Yaya ta kwashe da dariya har da dukan cinya. "Baba Na-ƙi ya faɗi! To me ya haɗa ka da rigar masu ciki, fisabilillahi? Ko ƙani za ka yi mana da tsufanka?"

"Mutum ya yi ritaya, ba zai duba abin da ya ga dama ba?"

Shi ke nan, Yaya ta samu abin yi. Nan take ta kira ƙannenta a waya ta ba su labari, ana ta shewa, ta manta da labule, ta manta da Malama. Dattijon da ko jikokinsa ba sa wasa da hularsa ya zauna aka yi ta tsokanarsa har la'asar, yana juya shafin jarida.

A kicin Malama ta jingina da firji, sai yanzu ta gane abin da ta gani ranar nan. Baba ya riga kowa ganin tallan. Shi hana su shiga kawai ya iya, bai san yadda ake korar wanda ya riga ya shigo ba, kuma in ya tambayi wani ya tona ta. Ƙarya kuwa ba ya yi, ko da wasa. Sai ya zauna ya bi shafukan da kansa, ya danna maɓallin da ya tsana, don ranar da aka tambaya ya ce shi ne, kuma ya zama gaskiya ya faɗa. Ta ji ƙaunar tsohon nan ta cika mata ƙirji, ta yi kukanta a hankali, famfo na zuba.

Da Yaya ta tafi, Malama ta haɗa wa Baba shayi ta kai, ta durƙusa gefen kujerar.

"Baba, dama..."

"Ban tambaye ki komai ba, 'yata." Ya karɓi kofin. "Waɗancan marasa kunyar masu talla ne ke tambaya alhali sun riga sun sa hannu. Ni abin da ba a ba ni ba, ban gani ba. Sai dai daga yau ki bar mini ɗaukar tukunyar gas, ina son motsa jiki."

Ta yi dariya, hawaye na sake taruwa. Ba wanda ya matsa mata, ba wanda ke jira, kuma a karon farko ta ji tana so ta faɗa.

"Baba, wata na uku ya kama."

Ya ajiye kofin a kan tebur.

"Kin yarda in ji?"

"Na yarda, Baba."

Ya cire tabarau, ya shafa idonsa da bayan hannu.

"To na ji. Allah Ya raba lafiya. Kuma a nan ya tsaya."